BABI NA TARA: SAKAYA ZANCE DA LAFIYA, MISALIN ƘURAJEN AL'AURAR MAZA

1.0 Gabatarwa

Kunya ginshiƙi ce a tarbiyyar Bahaushe, kuma a harshe take fi bayyana. A wannan darasi za a duba yadda ake sakaya sunayen al'aura da cututtukanta, da cikas ɗin da hakan kan jawo wa majinyaci. Za a ɗauki ƙuraje masu zafi da ke fitowa a gaban namiji a matsayin misali.

2.0 Hanyoyin Sakayawa

Kiran al'aura da sunanta na asali a bainar jama'a batsa ce a wurin Bahaushe. Saboda haka yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku:

(a) aro daga Larabci, kamar al'aura da azzakari;
(b) ambaton bigire ko maƙwabcin wurin, kamar gaba da mara;
(c) siffantawa, kamar mazakuta da tsiraici.

Haka abin yake ga cututtuka. Kalmar sanyi ta samu faɗaɗar ma'ana har ta haɗiye kusan duk wata larura ta al'aura. Wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, inda fatake daga Daura da Kwangwalam da ƙasar Damagaram ke haɗuwa, zai ji masu tallar magani da lasifika suna shelar ƙulli ɗaya mai maganin "sanyi kowane iri". Matsalar ita ce suna ɗaya ya rufe cututtuka da dama waɗanda asalinsu da maganinsu suka sha bamban.

3.0 Abubuwan da ke Haddasa Ƙurajen

(i) Maruru da kumburin tushen gashi. Sukan biyo bayan aski da reza mai dauɗa, ko gumi da matsattsen wando. Ba ta saduwa ake ɗaukarsu ba.

(ii) Ƙazuwa. Wani mitsitsin ƙwaro ne ke shiga fata. Ƙaiƙayinta ya fi tsananta da dare, kuma takan yaɗu a ɗakunan kwanan ɗalibai da na almajirai.

(iii) Hafis. Ƙananan ƙuraje ne masu ruwa da raɗaɗi, sukan fashe su warke cikin mako 2 zuwa 4 a fitowar farko, sannan su riƙa dawowa. Ƙwayar bairas ce ke kawo su, don haka kafso ba ya yi musu komai. Akwai maganin da ke rage tsananinsu, kamar aciclovir.

(iv) Tunjere. Gyambonsa kan fito kimanin mako 3 bayan kamuwa, kuma galibi ba ya zafi. Yakan bushe da kansa alhali cutar na nan cikin jini, tana iya kama mata, ta kuma illata jaririn da ke ciki. Allurar fenisilin ce maganinsa.

(v) Ƙyandar biri. Ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin larurar gaggawa. Ƙurajenta kan fito a al'aura tare da zazzaɓi da kaluluwa.

A lura cewa duk wani gyambo a al'aura yana sauƙaƙa wa ƙwayar cutar ƙanjamau shiga jiki.

4.0 Kulawa

A wanke wurin da ruwa mai tsabta, a tsane shi, a sa wando na auduga mai yalwa. Kada a matse ƙurji, kada a zuba masa toka ko man birki ko man bilicin. A dakatar da kusantar iyali har ma'aikacin lafiya ya duba, domin gwaji ne kaɗai ke bambance wasu daga cikin waɗannan cututtuka. Idan cutar ta saduwa ce, dole a yi wa matar ko matan mutum magani tare da shi. Idan ƙazuwa ce, a haɗa da duk mutanen ɗaki, a wanke tufafi da shimfiɗa. Wanda ya ga kumburi mai saurin bazuwa, ko fatar ta yi baƙi, ko fitsari ya ƙi fita, musamman mai ciwon suga, ya garzaya asibiti a ranar, kamar Babban Asibitin Daura.

5.0 Aikin Malamin Hausa

A kwatanta waɗannan jimloli:

(1) Likita, sanyi ke damuna.
(2) Likita, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito mini a gaba kwana 4 da suka wuce, suna zafi, ba sa ƙaiƙayi.

Babu batsa a jimla ta (2), amma ta faɗi wuri da siffa da lokaci da yanayin ciwo. Wannan ya nuna cewa Hausa tana da isassun kalmomin da za a yi bayani sarai ba tare da an keta haddin kunya ba. Malamin da zai koyar a Mai'adua ko wani gari makamancinsa shi ne zai horar da ɗalibai su iya irin wannan bayani, domin Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi uku na sakaya sunan al'aura tare da misalai.
2. Bayyana faɗaɗar ma'anar da kalmar sanyi ta samu da illarta ga majinyaci.
3. Me ya bambanta gyambon tunjere da ƙurajen hafis?
4. Tattaro kalmomin sakayawa 10 na karin harshen yankinku, ka rarraba su bisa hanyoyin da aka ambata a 2.0.