Mai Hikima Yakan Shirya Tun Hadari Bai Iso Ba

Karatun Littafi Mai Tsarki: Fitowa 9:13-26, Ayyukan Manzanni 27:9-44
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:3
Manufar darasi: Mu gane cewa jin gargaɗi da shirya gida aikin bangaskiya ne, mu kuma san abin da za mu yi kafin hadari, da cikinsa, da bayansa.

Gabatarwa

Ko yaro a ƙasar nan ya san ta inda hadari yake tasowa. Gabas takan yi baƙi, iska ta ɗauke cak, sai ƙura ta taso, kwano ya fara kuka. A farkon damina iska ce take yaye rufi. Idan Agusta da Satumba suka kama, ƙasa ta ƙoshi, sai gulbi ya cika ya nemi hanya cikin gari.

Mutanen Gummi ba labari suka ji ba. A watan Agusta 2024 ambaliya ta shafi dubban gidaje a nan, har Gwamna Dauda Lawal ya zo jaje da kansa. Ba mu gama share hawaye ba, a tsakiyar Satumba kwalekwale ya kife da manoma masu haye gulbi zuwa gonakinsu, aka rasa rayuka da yawa. A watan nan dai madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayu 2025 kuma aka wayi gari da ambaliyar Mokwa a Jihar Neja, wadda ta ci mutane fiye da 150.

Masana yanayi sun nuna cewa irin hadarin da ke wuce mu daga gabas yakan ci gaba yamma har Tekun Atilantika, kuma da yawa daga cikin manyan guguwowin da ke afka wa Amurka daga nan suke samo asali. Ko ƙasa mai arziki irin Amurka, guguwar Katrina ta kashe mata mutane fiye da dubu a watan Agusta 2005. Hadari ba ya duba aljihu. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ya kamata ɗan Allah ya yi idan ya ji gargaɗi?

1. Gargaɗi alheri ne daga wurin Allah

A Fitowa sura 9, Allah ya aiko Musa ya faɗa wa Fir'auna cewa kashegari war haka za a zubo ƙanƙarar da Masar ba ta taɓa gani ba. Bai tsaya nan ba, ya faɗi abin da za a yi: a shigo da mutane da dabbobi daga saura. Ku lura da aya 20 da 21. Fādawan Fir'auna sun kasu biyu. Waɗanda suka ji tsoron maganar Ubangiji sun gaggauta shigo da bayinsu da dabbobinsu. Waɗanda suka yi kunnen uwar shegu sun bar nasu a waje. Magana ɗaya suka ji, ƙanƙara ɗaya ta sauka. Bambancinsu kawai abin da suka yi da wunin da aka ba su.

Haka yake tun daga Farawa. Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ba a ga ɗigon ruwa ba, Ibraniyawa 11:7 kuwa ta kira wannan aiki bangaskiya. Yusufu ya tara kashi ɗaya bisa biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi. A Antakiya, da annabi Agabus ya yi annabcin yunwa ta wurin Ruhu, ikkilisiya ba ta tsaya a "Amin" ba, kowa ya ba da gudummawa gwargwadon ƙarfinsa (Ayyukan Manzanni 11:27-30).

A yau gargaɗi yakan zo ta bakin hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da hukumar NIHSA mai lura da koguna, da NEMA mai ba da agajin gaggawa. Yakan zo ta rediyo, ta mai unguwa, ta masuncin da ya ga launin gulbi ya sake. Allahn da ya ba mutum ilimi shi ne ya buɗe wannan ƙofa. Kada mu rena ta.

2. Bangaskiya ba ganganci ba ce

Mu mutanen Ruhu ne. Mun gaskata Yesu da ya tsauta wa iska a Tekun Galili yana da rai, ikonsa bai ragu ba (Markus 4:35-41). Amma akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Ba rabona ba ne!" Sai ka ga ɗan'uwa ya shafa wa bango mai, ya yi shelar bangaskiya, alhali gindin bangon ya zaizaye, ruwa na kwance a jikinsa. Da ka ce a gyara, sai ya ce kana furta mugun abu.

Ɗan'uwa, ka tuna da gwaji na kan tsororuwar Haikali. Shaiɗan ya ɗauko alkawarin kariya daga Zabura 91 ya ce wa Yesu ya yi tsalle. Ubangiji ya ƙi, domin an hana mu gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Wanda ya kwantar da 'ya'yansa a ɗakin da ya tsage, yana da inda zai kai su amma ya ƙi, gwajin nan ne ya faɗa ciki. Alkawarin kariya na mai biyayya ne.

Dubi Bulus a cikin jirgi. Tun suna tsibirin Karita ya gargaɗe su kada su tashi, amma jarumin ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin. Iska mai laushi ta kudu ta ruɗe su, sai guguwa ta taso. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus babu ran da zai salwanta. Duk da wannan alkawari, da matuƙa suka so su sulale, Bulus ya ce in ba su zauna a jirgin ba, babu tsira. A kwana na goma sha huɗu ya ce kowa ya ci abinci ya sami ƙarfi. Sun ɗaure jirgi da igiyoyi, sun auna zurfin ruwa, sun saki anka huɗu, sun zubar da alkama a teku. Jirgi ya farfashe, amma mutum 276 duka sun kai tudu. Alkawarin Allah ya cika ta hanyar hannuwan da suka yi aiki.

3. Shirya gida tun rana na sama

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai-Wa'azi 10:18 ma ta ɗora laifin ɗakin da ke yoyo a kan ragwanci. Ga ayyukan da kowane gida zai duba:

Rufi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura rufi da shi yakan ninka huɗu, kuma ta gefe da kusurwa take fara ɗaga kwano. A hau a duba kusoshi, a sake katakon da gara ta ci, a ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe ko waya mai kauri. Dutsen da ake ɗorawa a kan kwano yakan zama makami idan iska ta yi ƙarfi. Mai soro ya sake yaɓe, ya share indararo.

Hanyar ruwa. Ruwan sama na milimita 50 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 50 lita 2,500 ne, wato jarka ɗari mai lita 25. Duk wannan ruwa sai ya sami inda zai bi. In leda da shara sun toshe kwata, gindin bango zai bi. Ginin laka kuwa ta ƙasa yake mutuwa. A yashe magudana, a yi wa gindin bango ciko, a tanadi buhunan yashi na bakin ƙofa.

Hatsi da kaya. A ɗaga buhunan gero da dawa da shinkafa a kan katako, nesa da bango. A duba ƙafafun rumbu da jinkarsa. Irin shuka na baɗi a sa shi a wuri mafi tsayi. A sare reshen da ya rataya bisa ɗaki.

Jakar gaggawa. A nannaɗe takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun makaranta da na fili, da Littafi Mai Tsarki cikin leda biyu. A haɗa da tocila, ƙaramar rediyo da batir, ashana, magungunan masu hawan jini ko ciwon suga, gidan sauro, garin kwaki ko ƙuli-ƙuli, da ɗan kuɗi a hannu. A cika jarka da ruwan sha, waya kuma ta kwana da caji.

Shawarar iyali. Maigida ya zaunar da iyalinsa tun yau. Wane tudu za mu nufa? Ta wace hanya? Wa zai goyi jariri, wa zai riƙe hannun kaka? Kowa ya san halin tsaro a hanyoyin Anka da Bukkuyum da ƙauyukanmu, tafiyar dare tana da nata haɗari. Saboda haka wanda gidansa ke kwari ko bakin fadama ya tashi da rana, tun ruwa bai kai ƙofa ba. Wannan gudu hikima ce.

4. Sa'ad da hadari ya sauka

A tara yara wuri ɗaya a ɗaki mafi ƙarfi, nesa da taga, a rufe ƙofofi. A kashe wutar lantarki da ta murhu. Kada kowa ya fita bin kwanon da iska ta yaye, gama kwano mai tashi kamar wuƙa yake. Kada a fake a gindin itace. In ka ga walƙiya, ka ƙirga: kowace daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kamar kilomita ɗaya ce tsakaninku. In kana jin tsawa, kana inda aradu za ta iya kaiwa, sai ka bar gona ka nemi gini.

Idan bango ya fara jiƙewa daga ƙasa ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, a fita nan take. A kwance dabbobi, domin akuyar da ke turke ba ta iya ceton kanta. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai santimita 60 yana tafiya da mota. Kada a ratsa shi da ƙafa ko da babur. Kwalekwalen da ya cika, a bar shi ya tafi, a jira na gaba, ko da aikin gona zai makara.

Kuma kada a koma ciki don kaya. Matuƙan jirgin Bulus da hannunsu suka zubar da alkama. Ana sake noma hatsi, ana sake gina ɗaki. Rai guda ne.

Cikin dukan wannan, bakinka ya cika da addu'a. Yara suna karanta fuskar iyayensu. Uban da ke kiran sunan Yesu da natsuwa yana kuma ba da umarni a sarari, ya koya wa 'ya'yansa bangaskiyar da ba za su manta ba.

5. Bayan ruwa ya janye

Sau da yawa ciwo ne ke biyo bayan ambaliya. Ruwa yakan haɗa masai da rijiya, sai amai da gudawa su ɓarke. A tafasa ruwan sha. In gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti. A kwana cikin gidan sauro. A kula da macizai a cikin kaya, a nisanci wayar wuta da ta faɗi, kada kuma a koma ɗakin laka sai ya bushe an duba shi.

Sai mu tsare harshenmu. Kada wani ya ce gidan wane ya rushe saboda zunubinsa. Yesu ya rufe wannan ƙofa da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). A misalin magina biyu ma, ruwa da iska sun bugi gidan mai hikima kamar yadda suka bugi na wawa (Matiyu 7:24-27). Mai bi yana iya yin dukan shiri ya kuma yi hasara. Abin da ba zai rasa ba shi ne Dutsen da ransa ke kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa su zaga gidajen gwauraye da tsofaffi da guduma da kusa. Zumuntar mata ta san mai ciki da mai jego. Dattawa su rubuta gidajen da ke kwari, su tuna da 'yan gudun hijira da ke kwana a kango. Ruwa ba ya tambayar addini, taimakonmu ma kada ya tambaya. Maƙwabcinka Musulmi da kwata ɗaya ta haɗa ku, ku yashe ta tare. Irmiya 29:7 ta koya mana cewa lafiyarmu tana ɗaure da lafiyar garin da muke zaune.

Kammalawa

Akwai wani gargaɗi da ya fi na damina. Yesu ya kwatanta dawowarsa da kwanakin Nuhu, lokacin da mutane ke ci da sha har rigyawa ta zo (Matiyu 24:37-39). Kana iya ɗaure rufinka ka bar ranka a saura. Yesu Kiristi shi ne mafaka, ƙofa kuma a buɗe take yau. In ba ka shiga ba tukuna, ka ga fasto ko mai bishara bayan wannan darasi.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya raba fādawan Fir'auna gida biyu? A wane ɓangare gidanka yake?
2. Tun da mala'ika ya riga ya yi alkawari, don me Bulus ya hana matuƙa gudu?
3. Ta yaya za mu bambanta bangaskiya da gwada Allah?
4. Wane gida ne a unguwarku ba shi da mai hawa masa rufi?

Aikin mako: Kowane iyali ya haɗa jakar gaggawa, ya kuma taimaki gida ɗaya da ba nasa ba kafin Lahadi mai zuwa.

Addu'a

Ya Uba, Mai iko bisa iska da ruwa, mun gode domin ba ka barin mutanenka ba gargaɗi. Ka ba mu kunnen ji da hannun aiki. Ka ta'azantar da iyalan da suka rasa nasu a gulbi da ambaliya. Ka tsare Gummi da Anka da Bukkuyum daga masifar ruwa da ta mugaye. Ka ba mu damina mai albarka, ka kafa rayukanmu a kan Dutse. Cikin sunan Yesu Kiristi muka roƙa. Amin.