Amsoshin Tambayoyinku: Mako Bakwai da Sauya Gwiwa, Inna Ba Ta Barci

TAMBAYA

Mahaifiyata ta haura shekara 60, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa har ta kai ko gidan maƙwabta ba ta iya zuwa. Muka haɗa kuɗi ni da 'yan'uwana, aka yi mata aikin sauya gwiwar dama a wani asibiti a Kano. Yau mako bakwai ke nan. Ɗinki ya warke, amma gwiwar a kumbure take, da ɗumi, da dare kuwa zogi ba ya barin ta runtsa. Motsa ƙafar da aka koya mata ta daina, ta ce yana ƙara mata ciwo. A kan kujera take salla, abin kuma yana damunta ƙwarai. Masu zuwa dubiya kowa da tasa: wani ya ce a kira mai ɗori, wata ta ce a yi mata ƙaho a fitar da mataccen jini, wani ma cewa ya yi jikinta ne bai karɓi ƙarfen ba. Shin aikin ne bai yi ba? Me za mu yi?

Daga wani mai karatu, Darna Sabon Gari, Illela, Jihar Sakkwato.

AMSA

Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya.

Kumburi da ɗumi da rashin barci duk an saba ganinsu a mako na bakwai, su kaɗai ba sa nuna aiki ya ɓaci. Cikin duk abin da ka lissafa, ɗaya ne ya ɗaga mini hankali: daina motsa ƙafar. A kansa zan fi daɗewa, amma sai mun fara da abin da aka yi wa gwiwar.

Abin da ke ƙarƙashin ɗinkin

A wannan aiki likita yakan tsaga gaban gwiwa, ya kau da ƙoƙon gwiwa gefe, ya yanke kan ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri, wato wuraren da guringuntsi ya cinye har ƙashi yana gugar ƙashi. Sai ya rufe kawunan da ƙarfe, ya sa wata roba mai tauri a tsakaninsu, galibi kuma a manne ƙarfen da wani siminti na musamman. Zarto fa aka sa wa ƙashi. Fata takan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, shi ya sa masu dubiya suke ganin an gama. Tsoka da jijiyoyin ciki kuwa watanni suke ɗauka.

Kumburi yakan kai wata uku zuwa shida, wasu ma har shekara. Ɗumin gwiwa shi ma yakan daɗe. Mafi yawan sauƙin a wata ukun farko ake samunsa, sauran ya riƙa zuwa a hankali har shekara guda ko fiye. Idan Inna ta ce gefen tabon ta waje ya mutu, ba ta jin taɓi, wata 'yar jijiyar fata ce wuƙa ta bi ta kanta, kuma wurin yakan ragu da kansa. Idan ta ji ƙas-ƙas in ta taka, ƙarfe ne da roba suke haɗuwa. Zogin dare kuma yana da dalili: kumburin wuni ya taru, ƙafa ta daɗe wuri ɗaya ta sandare, gida ya yi tsit ba abin da zai ɗauke hankali. Batun jiki ya ƙi ƙarfe ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba a gane shi da ido a tsakar gida.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun tattara bayanai a 2012, suka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin ciwo bayan an daɗe da yin wannan aiki. Wani binciken daga jami'ar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya nuna kashi 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Ma'ana, ƙarfen yana da ƙarko, amma jin daɗinsa ba kowa ke samu daidai ba. A mako na bakwai dai ya yi wuri a yanke wa Inna hukunci.

Alamun da ba a jira da su

Akwai ciwon warkewa, akwai na haɗari. Ku tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Zazzaɓi ko rawar sanyi tare da gwiwa tana ƙara ja, tana ƙara zafi, ko tabon ya buɗe yana fitar da ruwa ko mugunya. A ƙasarmu kowane zazzaɓi maleriya ake fara kiransa. Mai ƙarfe a gwiwa ba a yi mata wannan zato a gida. Kada a saya mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis kafin likita ya gani, domin yana ɓoye cutar ya hana gwaji gano ta.

Sha-raɓa ta kumbura, ta yi tauri, tana ciwo in an taɓa. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Idan numfashi ya soma yi mata wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ta, to gudan jinin ne ake tsoron ya tafi huhu. Wannan ko minti ɗaya ba a ɓatawa.

Ta faɗi, ko kuma ƙafar da take takawa jiya yau ta kasa ɗaukarta.

Idan babu ko ɗaya, to mu koma kan babbar maganar.

Kwanciya ba ta warkar da wannan gwiwa

Mun saba majinyaci ya kwanta, a kawo masa ruwa, a kawo masa buta, a ce kada ya motsa. Jikoki da surukai suna yi ne don neman albarka. To, a wannan aikin, wannan gatan cutarwa ne. Yayin da ciki yake warkewa, jiki yana saƙa tabo kewaye da gaɓar. Idan ana tanƙwasawa ana miƙewa kullum, tabon yakan yi laushi ya bi motsin. Idan aka bari, sai ya ƙame ya riƙe gwiwar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyantakar wannan gwiwa kuwa kusan wata uku ce. Inna ta riga ta cinye fiye da rabi.

Ka gwada ta yau. Ta zauna a kujera mai tsayi, ta ja ƙafar baya har tafin ya zauna daidai ƙarƙashin gwiwa. Wannan shi ne digiri 90, wanda zama da tashi a kujera suke buƙata. Sannan ta kwanta rigingine ta miƙe ƙafar: bayan gwiwar ya kamata ya kusa taɓa shimfiɗa. Idan ta kasa ɗaya daga cikinsu, likitanta ya ji a wannan makon. Akwai abin da sukan yi, su sa majinyaci barci su tanƙwasa gwiwar su karya tabon, kuma ya fi amfani idan an yi shi cikin mako 12 na farko.

Takardar da masu gashin ƙashi suka ba ku ita ce jagora. Galibi ba ta wuce waɗannan ba. Ta kwanta ta danna bayan gwiwa cikin katifa, ta matse tsokar cinya, ta ƙirga biyar, ta saki. Ta ɗaga ƙafar a miƙe kamar taki ɗaya daga shimfiɗa, ta sauke a hankali. Ta zarga tsohon gyale a tafin ƙafa, ta riƙe bakinsa biyu, ta jawo dunduniya zuwa gare ta. A zaune kuma, a sa leda ƙarƙashin ƙafarta a kan siminti don ta riƙa sulɓewa gaba da baya. Kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a wuni ya fi mai yawa sau ɗaya. Dabarar da ba a mantawa ita ce a ɗaura shi da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan La'asar, bayan Isha'i. Tafiya kuma da sanda a tsakar gida, gajeriya, sau da yawa, da sassafe da yamma in rana ta yi sanyi.

Ta yaya za ta san ta wuce gona da iri? Jin ɗaurewa da ciwon da za ta iya daurewa, wanda ya lafa bayan awa ɗaya ko biyu, ba komai. Idan washegari gwiwar ta fi jiya kumbura, a rage adadin. Ragewa aka ce, ba dainawa ba.

Yadda za a sassauta zogin

Ba wanda zai motsa gaɓar da ke yi masa zogi, don haka maganin ciwo abokin atisayen ne. Ta sha abin da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin ta fara, ta kuma daidaita shan dare da lokacin kwanciya. Iyayenmu mata suna da kara da dauriya, sai ciwo ya kai maƙura suke faɗa. Ku riƙa tambayarta, musamman 'ya'yanta mata, waɗanda ba za ta ɓoye musu ba.

Farasitamol kada ya wuce ƙwaya takwas masu 500 a awa 24, mai ƙaramin jiki ko ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Diclofenac da ibuprofen suna rage kumburi, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, ga mai shekaru irin na Inna ba a shansu sai da izinin likita, balle in tana da gyambon ciki ko hawan jini ko tana shan maganin tsinka jini. Tramadol ɗin 'yan tebur da masu yawo da magani a kasuwa, mai lamba 225, ko kusa da ita kada ya zo. Hukumar NAFDAC masu 50 da 100 kawai ta amince da su, su ma da takardar likita.

Sanyi yana aiki sosai. In babu wuta, a sayi ƙanƙarar ruwan leda guda biyu, a naɗe a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, musamman bayan atisaye da kafin barci. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Gashi da ruwan zafi kuwa, a kan gwiwar da ke kumbure da ɗumi, ƙara kumburin yake yi. In ta kwanta da rana a ɗaga ƙafar gaba ɗaya a kan filalluka ta ɗara ƙirji. Kada a cusa filo ƙarƙashin gwiwa kaɗai: yana da daɗi, amma yana koya wa gwiwa zama a tanƙware. In za ta kwanta ta gefe, filo ya shiga tsakanin gwiwoyi.

Abinci ma magani ne: wake, ƙwai, nono, kifi, nama, zogale, da ruwa isasshe. In tana da ciwon suga a kula da shi sosai, domin yana jinkirta warkewa.

Mai ɗori da mai ƙaho

A ba su haƙuri. Nan ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne, babu abin da za a ja a mayar. Murza da ƙarfi tana iya yin ɓarna, ɗaure ƙafa da karare kuma shi ne ainihin abin da muke gudu. Ƙaho da tsaga da sakiya sun fi haɗari, domin ƙarfe ba shi da jinin da zai kare kansa. Ƙwayar cuta in ta samu ƙofa ta manne masa, sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar, wani lokaci a cire ƙarfen baki ɗaya. Saboda wannan dalili ne ko maruru ko ciwon haƙori ko ciwon fitsari ya kama ta, a yi maganinsa da wuri.

Salla da kewayawa

Sujada da zaman tahiya suna buƙatar tanƙwasawa fiye da yadda yawancin irin wannan gwiwa suke kaiwa. Wasu sukan iya durƙuso bayan watanni, da yawa kuma ba sa jin daɗinsa har abada. Gara ta sani tun yanzu, kada ta riƙa auna nasarar aikin da komawa kan darduma. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kwance in ya kasa zama. Ku roƙi malamin da take girmamawa ya zo ya bayyana mata da bakinsa, zai fi shiga zuciyarta fiye da naku.

Tsuguno a masai shi ma a ajiye shi. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai rami da hannuwa, a ɗora a kan ramin. Katifar ƙasa da kujerar tsuguno su ba gado da doguwar kujera wuri.

Abin yi a wannan makon

Ku kira asibitin da aka yi aikin, ku faɗa musu iyakar inda gwiwar take tanƙwasuwa da kuma maganar barci. In akwai dama ku tura musu hoto da ɗan bidiyo ta WhatsApp. In Kano ta yi nisa, ku nemi takardar turawa zuwa masu gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko ku tuntuɓi asibitin ƙashi na Wamakko. Daga Illela tafiyar ta haura kilomita 80, don haka a kama mata kujerar gaba ita kaɗai, a tsaya a Gwadabawa ko Kware ta ɗan taka. Kabu-kabu kuwa ba nata ba ne yanzu. Ɗaya daga cikinku ya shiga tare da ita ya koyi atisayen da hannunsa, domin shi zai zama mai kula da ita a gida.

Sannan ku daina auna sauƙi da jiya da yau. Ku sa alama da alli a ƙasa inda dunduniyarta ta tsaya in ta ja ƙafa baya, ku sake dubawa kowace Juma'a. In alamar tana matsawa, kuna kan hanya. In mako biyu suka wuce tana nan inda take, ko wata uku suka cika zogi bai ragu ba, ku koma wurin likita ya bincika dalili. Allah ya ƙara sauƙi.