In Sayi Gitar Gibson?

Tambaya: Ina kaɗa gitar lantarki a Agadez. An ce kamfanin Gibson ya durƙushe. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ya yi tangal-tangal dai. A Mayun 2018 ya nemi kariyar kotu a Amurka saboda bashin kusan dala miliyan 500, bayan ya tsunduma cikin harkar kayan sauti. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin zuba jari na KKR ya karɓe shi, kuma ana ci gaba da ƙera gita a Nashville.

Ni dai, gitar da ke gabanka za ka bincika. Samfurin 2015 mai saita tsirkiya da kansa bai karɓu ba. Duba wuyanta da kyau, musamman kusa da kai in samfurin Les Paul ce, wurin da ya saba karyewa. Jabu sun yi yawa. In araha ta wuce kima, bar ta.