Abin da Ke Sa Motar Lantarki Ta Yi Kasala, da Yadda Ake Gano Shi

A shekarar 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a zamanin da Jelani Aliyu yake shugabancin hukumar ƙasa mai kula da ƙera motoci. Tun da babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Talata Mafara, ba abin mamaki ba ne wata rana bakaniken garin ya wayi gari da motar da ba ta da kabureta, ba ta da fulogi, mai ita kuma yana kukan ta daina ja. Daga ina zai fara?

Ɗalibin da ya san madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ya riga ya fahimci rabin darasin. Tudun ruwa a bayan madatsa shi ne kwatankwacin ƙarfin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke gudu cikin hanyoyin da ke shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun shi ne kwararar lantarki, ana auna ta da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami ƙarfin aiki, wato wat. Lakar da ke cushe hanyar ruwa kuwa ita ce turjiya, awonta om. Motar da ta rasa ƙarfi, ko dai madatsarta ta yi ƙasa, ko hanya ta cushe, ko kuma mai gadi ne ya rage ƙofa da gangan.

Wannan na ukun shi ya fi faruwa, kuma shi aka fi jahilta. Kowane babban batir yana da 'yar kwamfuta mai lura da zafinsa da cajinsa. Da zarar ta hango haɗari sai ta taƙaita wutar da ke zuwa inji, ko da direba ya taka totur har ƙasa. A motar Nissan Leaf hoton kunkuru ne ke bayyana a allon gaban direba. Batirin litiyam ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos, alhali a ƙasar Zamfara zafin watan Afrilu yakan haura 40. Ko a Amurka, a 2012, masu Leaf a jihar Arizona sun yi ta koke cewa batiransu na tsufa da wuri, domin ba a yi wa batirin motar hanyar sanyaya shi da ruwa ba. A motocin da ke da wannan hanya, sai a duba ko ruwan ya ragu, ko famfonsa ya tsaya, ko ƙurar hunturu ta toshe lagireto. Motar da ke gudu lafiya da asuba amma ta yi kasala da azahar, zafi ne ke damunta.

Kafin ma a kai nan, akwai abubuwa masu arha da ya kamata a fara kawarwa: tayar da iskarta ta ragu da birkin da ke kamawa. Sa'an nan ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Mutane kan manta da shi, amma shi ne ke kunna kwamfutoci, shi ke rufe makunnan da ke haɗa babban batir da inji. Lafiyayye yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe. In ya faɗi ƙasa da 12, motar na iya ƙin tashi ko ta cika allo da gargaɗin ƙarya, ga babban batir cike da caji.

Babban batirin kansa ba dunƙule ɗaya ba ne. Na Leaf matakai 96 ne na ƙwayoyi a jere, kowane mataki bolt 3.75, jimla bolt 360. Da yake a jere suke, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, kamar ayarin da ba ya wuce saurin jakin da ya fi rauni. Idan ƙwaya ɗaya ta tsufa, turinta zai faɗi kafin na sauran a lokacin hawan tudu, kwamfuta kuma za ta rage ƙarfin motar gaba ɗaya don kare ta. Ana gano ta ne da na'urar bincike da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke nuna awon kowace ƙwaya. A yi awon mota na tafiya, domin raunanar ƙwaya takan ɓoye aibinta in ba a ɗora mata kaya ba. Sau da yawa sashen da take ciki kaɗai za a sauya. Mai gaggawar cewa a sayi sabon batir, ko dai bai auna ba, ko yana da na sayarwa.

Saura laka a hanya. A ɗauka wani mahaɗin waya ya saki ko ya yi tsatsa har turjiyarsa ta kai om 0.01, wuta mai amfiya 200 na bi ta kansa. Zafin da zai fitar shi ne 200 sau 200 sau 0.01, wato wat 400, daidai da ƙwan fitila huɗu masu wat 100 a wuri mai faɗin ɗan yatsa. Nan ne gobara kan samo asali. Malami na iya sa ɗalibai su sake lissafin da amfiya 100, su ga yadda zafin ke komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Wayoyin babban batir launin ruwan goro ne a kusan kowace motar lantarki, kuma wutar da ke cikinsu tana kisa. Ba mai taɓa su sai wanda aka horar, bayan ya zare makatsin tsaro, ya jira mintunan da kamfani ya ƙayyade don ragowar wutar inbata ta zube, ya sa safar hannu mai jure bolt 1,000, sa'an nan ya tabbatar da mita cewa babu sauran wuta. Gwajin aji ya tsaya a kan batir mai bolt 12 da ƙwan fitila.