Yadda Ake Binciken Tsohon Injin Dizal da Ya Mutu Kafin a Yanke Shawarar Sake Ɗaure Shi

Injin dizal ba ya aiki da fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa man gas a kanta, wuta ta kama da kanta. Saboda haka idan injin ya mutu, matsalar ba ta wuce ɗayan waɗannan ba: ko iska ba ta shiga, ko mai ba ya zuwa a kan lokaci, ko matsi ya zube, ko kuma wani ƙarfe ya lalace a ciki ya hana juyi. Biyun farko gyaran waje ne mai araha. Biyun ƙarshe su ne ke kai mutum ga sauke inji, kuma aikin bakanike shi ne ya raba tsakaninsu kafin ya kwance ko noti ɗaya na kan inji.

Misali mai kyau shi ne injin OM352 na Mercedes-Benz, wanda ya fito a 1964, mai silinda shida a jere da girman kusan lita 5.7. Shi ne ke cikin yawancin tsofaffin motocin 911 da har yau suke dakon hatsi, itace da yashi a Najeriya da Nijar. Hanyar binciken iri ɗaya ce a injin tarakta, janareto ko injin niƙa, bambancin yawan silinda ne.

Ana farawa da tambayar direba, domin yadda inji ya mutu rabin amsa ne. Injin da ya riƙa shaƙewa yana rage ƙarfi sannan ya tsaya a hankali, galibi mai ne ya yanke masa. Wanda allurar zafinsa ta haura, lagireto ya tafasa, sannan ya tsaya, ana zargin gasket ko kan inji. Wanda ya yi ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma bayan ma'aunin baƙin mai ya faɗi, shi ne kanikawa ke cewa ya buga, kuma maganarsa ta metal ce da kiranshaf. Akwai kuma wanda bai mutu rana ɗaya ba: watanni yana wahalar tashi da safe, yana shan baƙin mai, sai an tura shi a gangara. Wannan tsufa ne.

Kafin a taɓa makulli, sai a zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya koma ruwan toka mai kauri, ruwa ya shiga cikinsa. Idan ya tsinke, ya ƙaru fiye da alama, yana warin gas, to mai na tsiyaya cikin inji daga nozul ko famfo. Ana juye man a faranti mai faɗi a kai shi rana, a yanka filta a buɗe takardarta. Ƙyalli mai laushi kamar hoda alamar cin ƙarfe ne na yau da kullum, amma ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe ko gutsattsarin da ake ji a yatsa na nuna cewa metal ya cinye har ƙasa. A leƙa lagireto kuma. Baƙin mai a saman ruwa ba lallai gasket ba ne, domin OM352 yana da na'urar sanyaya mai da ruwa ke ratsawa, kuma idan ta huje, alamar iri ɗaya ce. An sha cire kan inji lafiyayye saboda rashin duba wannan.

Daga nan a gwada juya injin da hannu, da doguwar sifana a notin gaban kiranshaf, giya na firi. Idan ya zagaya sau biyu cur ba tare da cijewa ba, akwai fata. Idan ya ƙi motsi, kada a tilasta masa da kik, kada kuma a ja motar da wata. A cire nozul duka a sake gwadawa. Ruwan da ya taru a kan fistin ba ya matsuwa, kuma idan aka buga kik a kansa, konrod ne zai lanƙwashe. Idan ruwa ya feso ta ramin nozul, an gano silindar da ke da ciwo. Injin da ya daɗe a ajiye kuwa sau da yawa tsatsa ce ta riƙe ringi, sai a zuba gas ta ramukan a bar shi ya jiƙa kwanaki, ana ɗan rausaya shi gaba da baya.

Idan yana juyawa, sai a koma ga abubuwan waje. Batir mai rauni ko kik da ya gaji ba sa juya inji da saurin da zai haifar da zafi, sai lafiyayyen inji ya zama kamar matacce. A duba filtar iska, a canja ta mai, a zubar da ruwan da ya kwanta a gindin tanki, a buga famfon hannu har kumfa ta daina fitowa ta notin fitar da iska. Sannan a sassauta bututun nozul a buga kik a ga ko mai na tsartuwa. Ana kai nozul wurin masu gwaji: mai kyau yana buɗewa a matsin kusan bar 200, ya yi feshi kamar hazo da 'yar ƙara, ba ya ɗiga. Ba a tara hannu a gaban wannan feshi, domin yana huda fata. A tabbatar kuma da saitin famfon injekta, musamman idan an taɓa cire shi.

Idan injin ya tashi ko da da ƙyar, hayaƙinsa zai yi bayani. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, fari marar yaji da ke bajewa da sauri kuma tururin ruwa ne. A buɗe murfin zuba baƙin mai, a kalli bututun numfashin inji. Idan yana huci da ƙarfi a kan kowane bugu, wuta na ratsa ringi tana sauka ƙasa. Ana sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya: silindar da aka yanke wa mai amma sautin inji bai canja ba, dama ba ta aiki.

Hujja mafi ƙarfi ita ce awon matsi, da ma'aunin dizal da ake ɗaurawa a gurbin nozul, ba na motar fetur ba. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da bar ashirin da wani abu, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne daidaito tsakanin silindoji. Idan ɗaya ce ta faɗi, a duba bawul ko karyayyen ringi. Idan biyu maƙwabta ne, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Idan duka shida sun yi ƙasa tare, injin ya cinye. Hura iska cikin silinda, fistin na sama, yana nuna inda take zurarewa: salansa, hanyar shigar iska, bututun numfashi ko kumfa a lagireto.

Sai bayan wannan ake buɗewa, kuma a nan ake yanke shawara, da ma'auni, ba da ido ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan inji a ga ko ya karkace, a nemi tsaga tsakanin kujerun bawul. A bi saman silinda da farce: tudun da ringi ya bari yana nuna yawan cin da ta yi, zanen tsaye kuma aikin ƙura ne ko na fistin da ya kama. Ana auna faɗin silinda a sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. A kiranshaf ana duba ko wuyan ya yi shuɗi saboda zafi, ko ya daina zama da'ira, ko ya tsage. Masu yanka suna rage shi mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00 na milimita, kowane mataki da nasa metal. Wanda aka riga aka kai ƙarshe ba shi da sauran yanka.

Bulok da kiranshaf su ne ma'aunin hukunci. Idan duka biyu lafiya suke, ko suna da sauran yanka, sake ɗaurewa ya dace, domin fistin, ringi, metal, gasket da bawul kaya ne da aka yi su don a canja, kuma na OM352 ana samunsu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Silindar da ta wuce iyaka ma ana iya rarake ta a dasa mata silib. Amma idan konrod ya fasa bulok, ko tsaga ta ratsa mazaunin manyan metal, ko metal ya juya a gurbinsa ya ci mazaunin, to neman wani bulok ko wani inji ya fi.

Lissafin kuɗi dole ya haɗa komai: kaya, aikin masu yanka, gyaran famfo da nozul, famfon baƙin mai, wanke lagireto, ladan bakanike, da kwanakin da motar za ta yi ba ta kawo ko sisi. Sai a kwatanta da farashin injin Beljiyam, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje, ana tuna cewa shi ba a san tarihinsa ba, kuma ya kamata a ji kukansa a auna matsinsa kafin a biya. A dubi jikin motar ma, don babu amfanin sabon inji a kan shasi da ya tsage da giya mai zubewa. Zaɓi mafi tsada shi ne rabin gyara. Sabon ringi a silindar da ta zama ƙwai, ko sabon metal a kan kiranshaf mai zane, wata kaɗan suke yi a sake sauke injin, a sayi gasket sau biyu.

Kada a ɗaure sai an gano abin da ya kashe injin tun farko. Idan ƙurar hunturu ce ta shiga ta yagaggen tiyo bayan filta, za ta cinye sabon ringi kamar yadda ta cinye tsoho. Haka toshewar lagireto, nozul mai ɗiga da ke huda kan fistin, ko gas da aka gauraya da kananzir. Wajen ɗauri, ana wanke hanyoyin mai da buroshi da iska, a shafa mai a kowane metal, a ɗaure notuna da sifana mai awo bisa tsarin littafin kamfani. Kafin tashi na farko ana juya injin ba tare da ba shi gas ba har ma'aunin baƙin mai ya hau. Bayan ya tashi ba a barinsa yana silo na sa'o'i, domin ringi na buƙatar matsakaicin kaya kafin ya zauna. Bayan gajeren aikin farko sai a juye mai, a canja filta, a sake bin notunan kan inji idan nau'in gasket ɗin na buƙata, a kuma sake saita bawul.