Matakai Shida na Gyara Fuskar Tsohon Gini a Khartum da Omdurman

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar gine-gine da yawa a Khartum da Omdurman ba taga ba yaɓe. Duk mai shirin gyara ya tuna cewa a watan Mayu zafi kan haura digiri 40, ga lantarki ba tabbas. Saboda haka inuwa ake fara nema wa gini, ado ya biyo baya.

1. Duba lafiyar bango. Idan ka ga harsashi ko bam da bai tashi ba, kada ka taɓa, kira masana. Sannan injiniya ya duba tsaga da rodin da wuta ta lasa. Ƙwanƙwasa yaɓe da guduma: inda ya yi amon holoƙo, ya saki, a kankare shi.

2. Bi tafiyar rana. Bangon yamma ya fi shan wuya bayan azahar. Daga Mayu zuwa farkon Agusta kuma rana kan karkata arewa a Khartum, don haka bangon arewa ma yana son 'yar rumfa.

3. Ba wa kowane bango irin inuwarsa. Kudu, baranda mai zurfi, kamar ta jan bulo da ke tsohuwar Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902, yau Jami'ar Khartum. Gabas da yamma, katangar bulo mai huji-huji. Bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakaninta da bango domin iska mai zafi ta fice ta sama.

4. Rage gilashi. Babban gilashi na tara zafi a ɗaki. Sa matsakaitan tagogi masu marfin katako da ke rufuwa ruf, saboda guguwar ƙurar nan da ake kira habub.

5. Yi yaɓen da ya dace. Bangon laka ba ya jituwa da siminti, danshi zai maƙale ya ci shi ta ciki. Maimaita yaɓen zibala, wato na laka da kashin dabbobi, da maginan Omdurman suka gada, ka shafe rufi da farar ƙasa, ka tsawaita indararo.

6. Kare kamannin gidan. Wanke jan bulo maimakon rufe shi da tayil, ka gyara tsohuwar ƙofa, ka dasa darbejiya ta yamma, nesa kaɗan da tushen gini. Idan gidan na tarihi ne, irin na kewayen Gidan Khalifa, gidan tarihin da ke Omdurman, nemi izinin hukumar kayan tarihi kafin ka cire ko da bulo ɗaya.