Sauya Fad Ɗin Birki a Gida

Birkin gaba na yawancin ƙananan motoci yana aiki ne da faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya, da kuma wasu ƙananan faranti biyu masu rufin abu mai kaushi, waɗanda makanikai ke kira fad. Idan direba ya taka birki, man birki yana tura fistin, wato sandar ƙarfe mai motsi a cikin gidan da ake kira kalifa, sai fad ɗin su matse faifan daga ɓangarorin biyu. Sabon fad yana da kaurin kimanin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauka zuwa milimita 3, lokacin sauya shi ya yi. Ƙarar nan mai tsini da akan ji idan fad ya cinye tana fitowa ne daga wani ɗan harshen ƙarfe da aka maƙala masa da gangan domin gargaɗi, amma idan ta koma gurnani, to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma faifan ma ya fara lalacewa.

Aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba, sai dai haɗarinsa yana wuraren da ake rainawa. Jak ba a yi shi domin riƙe mota ba, ɗagawa kawai yake yi, saboda haka wajibi ne a ajiye motar a kan ƙasa mai tauri, a tare tayoyin baya, sannan a tokare ta da matokarin ƙarfe, ba da bulo mai saurin rugujewa ba. Bayan an cire taya an kwance ƙusoshin kalifa, sai a rataye ta da waya, domin barin nauyinta a kan tiyon birki na iya tsage shi ta ciki ba tare da alama ba.

Tsofaffin fad ɗin sun cancanci a dube su da kyau kafin a jefar. Idan ɗaya ya cinye, ɗayan kuma yana da sauran nama, alama ce cewa sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun cije, abin da ƙurar hunturu da taɓon damina ke yawan jawowa idan robar da ke rufe su ta tsage. Wanda ya sa sabon fad bai wanke sandunan ya shafa musu giris na birki ba, ya sayi matsalar ne karo na biyu. Giris kuwa bai kamata ya taɓa fuskar fad ko faifai ba. Ana mayar da fistin ciki a hankali da matsi, ana lura da tulun man birki kada ya tumbatsa, kuma ana sauya fad na dama da na hagu tare, domin kada motar ta riƙa karkata yayin tsayawa.

Kafin motar ta motsa, dole ne a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, tun da takun farko yakan nutse har ƙasa babu kamu. Birkin baya mai aiki da lantarki, da fedar birki mai laushi bayan an gama, sun fi dacewa da hannun ƙwararren makaniki.